Kiɗan Kuntigi da Yabon Talaka a Waƙoƙin Ɗan Maraya Jos

Kuntigi ƙaramin abin kiɗa ne mai tsirkiya ɗaya, wanda akan haɗa da gwangwanin kifi a rufe bakinsa da fatar akuya. Mai kaɗa shi ba ya tafiya da 'yan amshi ko mataimaka; shi ne makaɗi, shi ne mawaƙi. A rabe-raben masu nazarin waƙar baka, mai kuntigi yana cikin makaɗan jama'a, waɗanda ba su da ubangida guda kamar makaɗan fada, ba su kuma keɓanta da sana'a ɗaya ba kamar makaɗan mahauta ko na maƙera. Wanda ya kai wannan kiɗa inda ba a taɓa zato ba shi ne Alhaji Adamu Wayya, wato Ɗan Maraya Jos.

An haife shi a Bukuru a 1946. Mahaifinsa makaɗin Sarkin Hausawan Bukuru ne, ya rasu yaron yana jinjiri, mahaifiyar ma ba ta daɗe ba ta bi shi, sai Sarkin ya riƙe shi. A wata tafiya da ya yi zuwa Maiduguri ya ga masu kuntigi, da ya dawo ya haɗa nasa. Lokacin yaƙin basasa, 1967 zuwa 1970, ya yi wa sojojin tarayya waƙoƙi da dama. Jami'ar Jos ta ba shi digirin girmamawa, ya rasu a Jos ranar 20 ga Yuni, 2015.

Garin da ya tashi a cikinsa yana da muhimmanci ga fahimtar waƙarsa. Bukuru da Jos garuruwan kuza ne, haƙar ma'adini da jirgin ƙasa suka tara mutanensu. Daga Kano da Katsina da Zazzau da Barno matasa suka riƙa kwarara neman aikin lebura, suka baro gandu da dangi da duk wanda ya san sunan kakansu. A irin wannan gari mutum yakan wayi gari ba wanda zai ce masa ɗan wane. Waɗannan su ne masu sauraron Ɗan Maraya na farko, shi ma kuwa maraya ne a cikinsu.

Akwai masu ganin kuntigi kiɗan bariki ne kawai. Sukan ce Hausar Ɗan Maraya ba ta da nauyi, ba ta da zurfin azancin Narambaɗa ko gwanintar jerin Ɗanƙwairo, don haka ba a zaunar da shi sahu ɗaya da waɗannan makaɗan fada. Wannan hukunci an yi shi ne da ma'aunin fada, kuma ma'aunin fada ba ya auna abin da Ɗan Maraya ya sa a gaba. Mai neman tsohuwar Hausar Gobir da Zamfara a bakin mutumin Bukuru ya ɓata hanya tun daga farko.

Bambancin yana cikin yadda ake gina yabo. Makaɗin fada yana gina yabonsa a kan asali. Zai ambaci uban sarki da kakansa, ya jero garuruwan da suka ci da yaƙi, ya kawo kirarin gidan, sannan ya yi wa 'yan'uwan takara habaici da zambo. Duk darajar wanda ake yi wa waƙa daga baya take zuwa, daga abin da ya gada. To, yaya za a yi da yaron da yake kwana a tashar mota, wanda ba shi da gidan da za a ambata? A tsarin fada babu abin da za a faɗa a kansa, in ba zambo ba.

A nan "Waƙar Karen Mota" ta kawo sabon abu. Karen mota shi ne na ƙasa a duk ma'aikatan tasha. Shi ke kiran fasinja, shi ke hawa sama ya ɗaure kaya, shi ke dirowa da gudu ya sa weji idan mota ta tsaya a kan tudu, shi ke kwance taya a tsakar rana, shi ke turi idan ta ƙi tashi. Rigarsa kullum cikin baƙin mai take. Ɗan Maraya ya ɗauki irin wannan wahala ya ajiye ta a gurbin da makaɗin fada yake ajiye sunayen kakanni. Aikin hannun yaron ya zama shi ne nasabarsa. Bai ƙara masa gishiri ba, bai mayar da shi jarumin tatsuniya ba, bai kuma yi masa kukan tausayi ba. Ya zayyana shi ne yadda yake, da idon wanda ya zauna da shi ya ga abin da yake sha. Wannan zayyana ita ce babbar dabararsa, kuma a nan sauƙin Hausarsa ya zama tilas. Da ya lulluɓe karen mota da kalmomin fada, da yaron bai gane kansa a ciki ba. Kalmomin tasha ya yi amfani da su, waɗanda ake jefa wa yaron a kullum cikin tsawa, sai ga su a kan kiɗa ana sauraro a gidajen manya. Wanda aka saba kira da sunan raini ya ji an rera sunan nan a rediyo da mutunci, ya kuma san duk wani karen mota daga Jos har Maraɗi ya ji abin da ya ji. Daga nan ya san yana da 'yan'uwa.

Haka ya yi da zaman aure. A "Jawabin Aure" da "Auren Dole" da "Gulma Wuya" bai tsaya a wa'azi daga nesa ba, cikin gida yake shiga ya nuna yadda rigima take tashi, da yadda magulmaciya take shiga tsakanin miji da mata. Yarinyar da aka aurar ba da sonta ba, wadda kunya ta hana ta buɗe baki gaban iyaye, ta ji an faɗi nata a bainar jama'a ba tare da an kama sunanta ba. Ya yi wa attajirai da masu mulki waƙa, kamar kowane makaɗi mai neman abinci, amma ba da waɗannan ake tunawa da shi ba.

Rashin 'yan amshi ma yana cikin dabarar. Idan ya kai ƙarshen ɗa a waƙa, kuntigi ne ke amsa masa da karin da yake maimaitawa, idan kuma ya koma rerawa sai tsirkiyar ta bi muryarsa tana hawa tana sauka tare da ita. Gurbin da 'yan amshi suke cikewa a kiɗan kotso ko na kalangu, a nan buɗe yake, mai sauraro ne ke shiga ciki. Shi ya sa za a ga direba ko tela yana bin karin da bakinsa ba tare da ya lura ba. Waƙar fada ana kallonta ne daga bayan dogarai. Ta kuntigi kuwa da mai sauraron ake ƙarasa ta.

Rediyo ya faɗaɗa wannan zumunci. Gidan Rediyon Kaduna, wanda aka buɗe a 1962, a wancan zamani ana kama shi a gajeren zango har Nijar da Gana da Kamaru da Chadi, kuma shirye-shiryen zaɓe irin su Zaɓi Sonka sun sa mutanen da ba su taɓa haɗuwa ba suna gaishe da juna da waƙa. Daga baya kaset ya zo ya shiga kowace tasha da kowane shago. A zangon Kumasi ko unguwar Nima ta Accra akwai waɗanda kakanninsu suka baro ƙasar Hausa tun zamanin fataucin goro, akwai kuma waɗanda asalinsu ba Hausawa ba ne, harshe da zaman tare suka haɗa su. Yabon sarkin wani gari da ba su taɓa gani ba bai cika shafarsu ba. Labarin lebura da ɗan tasha da maraya kuwa nasu ne kai tsaye. Wannan yana nuna cewa zama Bahaushe a birane da zangogi, tun daga tsakiyar ƙarni na 20, ya dogara ga harshe da abin da aka saurara tare fiye da yadda ya dogara ga jini, kuma makaɗan jama'a suna da hannu babba a ginin wannan zumunci, tare da Shata a wajen direbobi da Barmani Choge a wajen matan cikin gida.

Masu kaɗa kuntigi sun yi ƙaranci a yau, faifan Ɗan Maraya kuma suna warwatse a gidajen rediyo da hannun masu tara kaset. Ya kamata sassan nazarin Hausa na jami'o'i su tattara su, su rubuta matanin, su karantar da su sahu ɗaya da waƙoƙin fada.