Sharhi Kan Haddin Kwafi 100 a Lasisin GFDL

Lasisin GFDL, wanda ƙungiyar Free Software Foundation ta Amurka ta fitar a 2000, ya halatta wa kowa ya kwafi littafin bayanin manhaja, ya gyara, har ya sayar, muddin bai hana na gaba wannan 'yanci ba.

Sashe na 3 ya ɗora wa mai buga fiye da kwafi 100 nauyi biyu. Na farko, ya sa kalmomin da marubuci ya sharɗanta a bangon littafin. Na biyu, ya samar da asalin rubutun yadda za a iya gyara shi a kwamfuta. Wanda bai wuce 100 ba an yafe masa. Wannan adalci ne, domin ba a auna malamin aji da kamfanin ɗab'i da mudu ɗaya ba.

To, amma sassaucin bai isa ba. Sashe na 2 ya wajabta haɗa cikakken lasisin da kowane kwafi, ko da guda ɗaya ne. Wato malamin da zai raba wa ɗalibai shafi guda sai ya bi kowanne da shafuffukan sharuɗɗa, kuɗin takarda ya ninka. Ko ya fassara lasisin da Hausa, sashe na 8 ya ce sai na Turanci ya biyo.

A 2009 Wikipedia ta rungumi lasisin CC BY-SA, wanda ambaton adireshinsa na intanet ya wadatar. A ganina wannan ya fi dacewa da mai ƙaramin ƙarfi, wanda don shi aka yi 'yancin tun farko.