Sharhi a Kan Waƙoƙin Samari Masu Yukulele a Fagge

Duk wanda yake ratsa lungunan Fagge bayan sallar isha'i, wataƙila ya taɓa cin karo da wasu samari a ƙofar shagon tela, ɗayansu rungume da wata 'yar jita mai tsirkiya huɗu. Sunanta yukulele. Asalinta daga tsibiran Hawai ne, inda wasu baƙi 'yan Fotugal suka sauka da irinta a 1879. Samarin da na zauna da su a Sabon Gari suka sayo tasu, kuma a can suka koyi kamun tsirkiya wurin abokansu masu kiɗan coci. Su ba maroƙa ba ne, ba kuma gadon kiɗa suka yi ba. Abin da suke yi shi ne su ɗauki karin wata sananniyar waƙa, su zubar da kalmominta, su ɗora nasu a kan abokai da maƙwabta.

Na ji wasu 'yan'uwa ɗalibai suna cewa wannan sata ce, ba fasaha ba. Ni ban yarda ba. Aron kari tsohon abu ne a adabinmu. Manazarta sun daɗe da nuna cewa Malam Aliyu Namangi a kan karin kiɗan caji ya gina Imfiraji, kuma babu wanda ya ce darajarta ta ragu saboda haka. Haka nan ƙanƙantar kayan kiɗa ba aibi ba ce. Kuntigin Ɗan Maraya Jos, wanda ya rasu a 2015, tsirkiya ɗaya gare shi, amma da shi ya zaga duniya. To, ashe abin tambaya shi ne: me mutum ya zuba a cikin ƙwaryar da ya aro?

A nan ne na ga rauni. Daga cikin waƙoƙin da na saurara, yawancinsu jerin sunaye ne kurum. A kira wane, a ce mai kirki ne, a kira wance, a ce 'yar dangi ce. In ka cire sunan ka sa wani, waƙar ba za ta girgiza ba. Mu dubi yadda Ɗan Maraya ya yi a waƙar Karen Mota. Ya zura ido ya kalli mutumin da jama'a suka raina, ya fito da wahalarsa da halin rayuwarsa, har mai sauraro ya ji kamar yana tsaye a tasha. Wannan lura ita ce samarinmu suka rasa, alhali kuwa sun fi kowa damarta, domin da maƙwabcin suke kwana suke tashi. Waƙa ɗaya ce ta burge ni, wadda aka yi wa wani tsoho mai shayi. Ba a yabe shi ko sau ɗaya ba. An dai faɗi yadda yake rubuta bashi a bayan kwalin sukari, sa'an nan in sallah ta zo ya hura wuta da kwalin. Wannan ɗango ɗaya ya fi kirari goma.

Rauni na biyu ya shafi harshe. Idan karin da aka aro na waƙar Indiya ne ko ta Turawa, sai a riƙa jan gaɓar da ba ta jawuwa don a cike gurbi. Na ji an ja wasalin farko na kalmar gari, sai garin Kano ya koma garin tuwo! Hausa tana da dogon wasali da gajere, tana da karin sauti, wanda duk ya take su ya ɓata ma'ana. Lalle zanen aro ba ya rufe katara, sai an gwada shi da jiki tukuna.

Na uku shi ne mafi hatsari, wato zambo. A da in matashi ya yi wa abokinsa habaici a dandali, a nan maganar take mutuwa. Yanzu kuwa ana ɗaukar waƙar a waya, kafin gari ya waye ta kai Kantin Kwari. Na san wata bazawara da ta daina fita kasuwa saboda an ambaci sunanta a irin wannan raha. Magana zarar bunu ce. Mai shayi da bazawara ba su roƙi a waƙe su ba, ba su kuma da bakin ramawa.

Saboda haka shawarata ga waɗannan samari ita ce su ci gaba, amma su riƙe ma'auni guda: kada su rera wa maƙwabci abin da ba za su iya rerawa yana zaune a kan benci tare da su ba. Ita kuma ƙungiyarmu, ya kamata ta gayyato su dandalinta, a saurare su, a gyara musu. Allah ya ƙara basira, amin.