Da Wane Ido Aka Tafi Landan?

A zamanmu na watan jiya a nan Wudil, wani ɗan uwa cikin membobinmu ya miƙa mana rubutunsa mai shafi arba'in da 'yan kai, labarin kwana goma da ya yi yana yawon buɗe ido a Landan, yana so a duba masa kafin ya kai maɗaba'a. Mun karanta, mun kuma nemi izininsa mu tattauna a kai a wannan fili ba tare da kama suna ba, domin ciwon da muka gani ba nasa ba ne shi kaɗai.

Hausarsa dai ba laifi, ya kuma kiyaye ƙa'idojin rubutu, abin da ya gagari da yawa daga cikinmu. Matsalar tana ga zubin labarin. Ran Litinin an je Fadar Bakingham, ran Talata an ga agogon Big Ben, ran Laraba an tsaya a gadar nan da ke buɗewa jiragen ruwa su wuce. Kowane wuri kuwa da jimla ɗaya ake sallamarsa, wai abin sai wanda ya gani. To, in sai wanda ya gani, mu da ba mu gani ba me ya sa za mu sayi littafin? Balle yanzu da yaro zai zauna a tashar mota ya buɗo hoton fadar a wayarsa, ya fi kowane bayani kyau.

Ba yau Bahaushe ya fara ba da labarin Landan ba. A 1855 Dorugu, yaro daga ƙasar Damagaram, ya isa birnin tare da Barth, Baturen Jamus ɗin nan da aka sani a ƙasashenmu da suna Abdulkarim. Wani ɗan mishan mai suna Schön ya rubuta labarinsa daga bakinsa, ya fito cikin Magana Hausa a 1885. Abin da ya riƙe mai karatu a labarin Dorugu shi ne yadda ya zuba wa mutane ido, musamman a wurin cin abinci: wa ke zama ina, me ake fara kawowa, yaya maza ke yi da mata a bakin tebur. Yaron da ya tashi ana cin tuwo a akushi ɗaya ne yake kallo, don haka abin da Bature ba ya ko lura da shi a gidansa, shi ya gan shi sarai. Dorugu ya ƙare rayuwarsa a Kano a 1912, bayan ya yi aiki a makarantar Ɗan Hausa da ke Nasarawa, amma mu nawa ne cikin marubutan jihar nan muka taɓa neman labarinsa?

Sai kuma marigayi Alhaji Abubakar Imam, wanda ya je Ingila a 1943 cikin ayarin editocin jaridun Afirka ta Yamma, lokacin yana Gaskiya Ta Fi Kwabo, ya fito da Tafiya Mabuɗin Ilmi a 1944. Shi ma ba za mu wanke shi tas ba. Baƙon hukuma ne, ana tsakiyar yaƙi, kuma mai masauki ba ya kai baƙo bayan gida ya nuna masa juji. Abin da aka shirya a nuna musu shi suka fi gani. Amma Imam ya tafi da damuwar gida a ransa. A tafiyar ce ya gana da Gwamna Lugga ya faɗa masa abin da ke damun Arewa, a cikinta ne kuma ya ƙi sa hannu a takardar neman mulkin kai da Azikiwe ya tsara. Ko mutum ya yarda da matsayinsa ko bai yarda ba, ya san mai tafiyar yana da abin da yake auna Ingila da shi. Haka Malam Aminu Kano, da ya yi karatu a Landan daga 1946, ya bar mana Motsi Ya Fi Zama.

Ɗan uwanmu kuwa mutumin Wudil ne, garin da duk ranar Juma'a ake cika manyan motoci da shanu zuwa Kudu. Mun yi zaton zai tambayi inda naman Landan ke fitowa. Da ya tambaya, da an kai shi Smithfield, filin da aka yi ɗaruruwan shekaru ana koro shanu da ƙafa ana sayarwa a tsakiyar birni, har cunkoso da ƙazanta suka sa aka tashi karar a 1855, shekarar da Dorugu ya sauka. Wannan babi ne da ba wanda zai rubuta shi kamar wanda ya san dillali da la'ada da ƙurar kara. Bai je ba, saboda ba ya cikin takardar da kamfanin yawon ya ba shi.

Akwai wani abu da ya fi wannan ci mana rai. Kusan kowane babi da zagin gida yake ƙarewa: su ga tsabta, mu ga ƙazanta; su ga tsari, mu ga hauka. Ba mu ce a ɓoye gaskiya ba, kwatocinmu kowa ya san halin da suke ciki. Amma kwatance ba tare da tambayar dalili ba ragwanci ne. Kogin Tems da ya yaba, a bazarar 1858 wari ya hana 'yan majalisar Ingila sakat a zaurensu da ke bakin kogin, kuma kwalara ta sha kashe dubban mutane a birnin kafin nan. Sai da aka ware kuɗi, injiniya Bazalgette ya shafe shekaru yana gina manyan magudanan ƙarƙashin ƙasa, sannan aka samu sauƙi. Mai karatu a Wudil, da ke kallon namu kogin daga kan gada kullum, wannan labarin zai fi yi masa amfani a kan a ce masa Turawa da tsabta aka halicce su.

Duk da haka akwai wurin da muka tsaya muka sake karantawa. A shafi na 23 ya ce ya shiga jirgin ƙarƙashin ƙasa ya yi wa mutanen taragon sallama, kamar yadda zai yi in ya shiga motar Kano, ba wanda ya ɗago kai, har kunya ta kama shi. Da zai fita kuma wata tsohuwa ta biyo shi da jakarsa da ya manta. Layi huɗu kacal ya ba wannan, ya garzaya ya koma lissafin benaye. Mun mayar masa da rubutun, muka roƙe shi ya sake farawa daga cikin wannan tarago, ya faɗa mana abin da ya ji a ransa, da abin da ya ce wa tsohuwar, da kuma nawa biza da masauki suka ci masa, tunda ko sau ɗaya bai ambaci kuɗi ba. Ya ɗan ɓata rai, amma ya karɓa, ya ce zai kawo babin farko a zama mai zuwa.