Rumbun iri ba zai ceci kaɗanya ba

Ka sha jin ana yabon rumbunan iri, kamar na Kew da aka buɗe a Ingila a 2000: a busar da iri, a adana shi cikin sanyin digiri 20 ƙasa da sifili. Kalwar ɗorawa tana jure wannan. To, ƙwallon kaɗanya fa? Da ya bushe ya mutu. Ke nan duk kaɗanyar da aka sare don gawayi a Kaoje ko Tsamiya, can Bagudo kan iyakar Benin, babu firjin da zai dawo da ita. Ga shi takan kai shekara 15 kafin ta fara 'ya'ya, mata su samu man kaɗe. Rumbunta dai gona ce. In ka ga tsironta, ka kewaye shi, kada garma ta tumɓuke.