Shaho da Kurciya: So da Tsira cikin Littafin Mehmed Uzun

Hausawa su kan ce, in da rai da rabo. Maganar nan gaskiya ce a zaman lafiya, amma a lokacin yaƙi tana bukatar a sake auna ta, gama akwai ran da mutum ya kan tsira da shi alhali kuwa abin da ya biya ya fi rabon da zai samu. A kan wannan matsala ce Mehmed Uzun, marubucin Kurdawa, ya gina littafinsa mai suna *Ronî Mîna Evînê, Tarî Mîna Mirinê*, wanda aka buga a Santambul cikin 1998. Ma'anar sunan da Hausa ita ce, Haske kamar So, Duhu kamar Mutuwa. Nufin wannan takarda shi ne a nuna yadda littafin ya ɗora so da tsira a ma'auni ɗaya, kana a gwada shi da tsohuwar waƙar Mem da Zin, wadda ita ce uwar labarun soyayya a adabin Kurdawa.

Kafin a shiga littafin, ya kamata a san ƙasar da ya fito. Kurdawa mutanen duwatsu ne, suna zaune inda iyakokin Turkiyya da Iran da Iraki da Siriya suka haɗu. Sa'ad da daular Usmaniyya ta rushe bayan Yaƙin Duniya na Farko, yarjejeniyar Sebar ta 1920 ta buɗe musu ƙofar samun ƙasa tasu, amma yarjejeniyar Lozan ta 1923 ta rufe ƙofar, ba ta ko ambaci sunansu ba. A Turkiyya aka murƙushe tawayen Shaihu Sa'id cikin 1925, aka kuma yi kisa mai yawa a Darsim cikin 1937 da 1938. Cikin 1983 aka kafa dokar da ta hana buga littafi da harshensu, ba a soke ta ba sai 1991. Cikin 1984 ƙungiyar PKK ta ɗauki makamai, aka shiga yaƙin da ya ci rayuka wajen 40,000, aka kuma tashi dubban ƙauyuka. Sai cikin watan Mayu na 2025 ƙungiyar ta ba da sanarwar rushe kanta. An rubuta littafin ne lokacin da wutar nan ke kan ci.

Shi kuwa Uzun an haife shi a garin Siberek cikin 1953. Da Kurdanci ya buɗe baki, amma da Turkanci aka koya masa karatu, har ya zama bai iya rubuta harshen mahaifiyarsa ba sai da aka ɗaure shi yana saurayi, ya koya daga wurin 'yan'uwansa fursunoni. Cikin 1977 ya gudu zuwa Suwidin, can ya yi yawancin aikinsa. Ya tarar da harshen da ya wadata da waƙoƙin baka, irin na mawaƙan tarihi da su ke kira *dengbêj*, amma matalauci wajen rubutun zube. Sabo da haka ya bi tsofaffi yana tsintar kalmomi, ya kuma koma ga mujallar *Hawar*, wadda Jaladat Badirhan ya kafa a Dimashƙa cikin 1932, ya tsara wa harshen haruffan boko a cikinta.

Wanda ya riga kowa a wannan hanya shi ne Malam Ahmad Hani, wanda ya tsara waƙar Mem da Zin a shekarun 1690, baituka fiye da 2,600. A zamaninsa Larabci da Farisanci su ne harsunan ilmi, amma ya zaɓi Kurdanci da gangan, domin kada a ce mutanensa ba su da littafi. Malaman ƙasar Hausa ba za su ji wannan baƙon abu ba, tun da ya ke Shehu Usmanu da 'yarsa Nana Asma'u sun bar Larabci a wurare da yawa sun yi waƙa da Fulatanci da Hausa, ko da ya ke su nufinsu wa'azi ne ya isa ga talakawa, shi kuwa Hani har da kishin kabila. Labarin waƙar ga shi a taƙaice. Mem ya ga Zin, ƙanwar sarkin Botan, ran bikin sabuwar shekara, so ya kama su. Wani annamimi mai suna Beko ya shiga tsakani, ya zuga sarki, aka jefa Mem cikin kurkuku har ya mutu, Zin kuma ta bi shi don baƙin ciki. Aka kashe Beko, aka binne shi kusa da su, sai ƙaya ta tsiro daga jininsa ta raba kaburburan biyu. Abin lura a nan shi ne, masoyan nan tsarkaka ne, mugun kuwa yana waje, an san sunansa da fuskarsa.

Uzun ya ɗauki wannan gado ya juya shi. Mutanen littafinsa biyu ne, Baz da Kebok, watau Shaho da Kurciya. Baz hafsan soja ne, gwanin farautar 'yan tawaye a duwatsu, bai kuwa sani ba shi kansa ɗan duwatsun ne: an hallaka danginsa yana ƙaramin yaro, aka ɗauke shi aka goya shi da harshen waɗanda suka kashe su. Kebok ɗalibar adabi ce a jami'a, ta bar karatu ta bi masoyinta Jir zuwa wurin mayaƙa. Jir ya mutu, ita kuwa aka kama ta, aka gana mata azaba har ta tona asirin abokanta. A hannun Baz ta faɗa. A hankali wani abu ya shiga tsakaninsu, suka nemi gudu, aka cim musu, aka kashe su.

Dabara ta farko da ta cancanci yabo ita ce, marubucin ya faɗi mutuwarsu tun a buɗin littafin. Da ya ɓoye ta, da mai karatu ya yi ta rige-rige da shafuka yana tambaya ko za su kuɓuta. Da ya ke an raba shi da wannan tambaya, sai hankalinsa ya koma ga wata wadda ta fi ta nauyi, watau yaya aka yi suka rayu har suka kawo ran nan, me kuma kowannensu ya biya? Wannan hanya ta mawaƙan baka ce. Mai sauraron makokin jarumi ya riga ya san jarumin ya faɗi, ba labari ya zo nema ba, ma'ana ya zo nema.

Amsar da littafin ya bayar mai ɗaci ce. Baz ya tsira daga kisan ƙauyensu, amma kuɗin tsirarsa shi ne mantuwa: ya rasa suna da harshe da uwa, aka mai da shi wuƙar da a ke yanka danginsa da ita. Kebok ta tsira daga ɗakin azaba, kuɗin tsirarta kuwa shi ne rayukan waɗanda suka ci abinci da ita a akushi ɗaya. Ashe dukansu biyu matattu ne masu tafiya da ƙafa tun kafin su sadu. A nan ne bambancinsu da Mem da Zin ya fito fili. Babu wani Beko a waje da za a nuna da yatsa. Yaƙi ya dasa Beko a ƙirjin kowannensu, ƙayar da ta raba kaburbura a waƙar Hani ta tsiro a cikin zukatan masoyan tun suna da rai.

To, mene ne aikin so a irin wannan hali? A labarun soyayya da aka saba, so shi ne ke fid da masoya daga haɗari. A nan kuwa shi ne ya jefa su cikinsa. Muddin Baz yana cikin mantuwa, yana da albashi da girma da tsaro. Ran da zama da Kebok ya motsa abin da aka binne a zuciyarsa, ya fara ganin mutum a inda dā ya ke ganin abin farauta, ran nan ya zama maci amana a idon shugabanninsa. Ita kuma Kebok, wadda ba ta da sauran wurin komawa, so ya mayar mata da abu guda, watau ta zaɓi hanya da kanta sau ɗaya bayan an karya ta. Sunan littafin ya ƙunshi wannan duka: haske da duhu tare suka iso, ba a karɓi ɗaya a bar ɗaya ba.

Wata dabara kuma ita ce rashin ambaton sunan ƙasa. Babbar Ƙasa da Ƙasar Duwatsu kaɗai a ke ji. Mai yiwuwa ne a ce tsoron hukuma ya kawo haka, amma amfaninsa ya wuce nan, gama ya sa labarin ya dace da kowace ƙasa inda gwamnati ke yaƙi da wani sashe na mutanenta. Har wa yau marubucin bai yi wa kowane ɓangare kirari ba. Bai mai da duwatsu aljanna ba: akwai yunwa da sanyi da tsoro a can, kamar yadda akwai kaɗaici a barikin soja.

Duk da haka littafin yana da aibi, ba kuwa daidai ba ne a rufe ido a kansa. Sunayen Shaho da Kurciya sun yi saurin bayyana nufin marubucin, har wani lokaci mutanen su kan zama kamar tsuntsayen tatsuniya, ba 'yan Adam masu jini da tsoka ba. Na biyu kuwa, wanda ya fi girma, shi ne wuyar gaskata son da ya shiga tsakanin kamammiya da wanda ke riƙe da mabuɗin ɗakinta. Mai karatu yana da hakkin ya tambaya, shin so ne ko kuwa rashin wata mafita? Gefen Baz ya fi ƙarfi a ginin, domin an nuna tsagewar zuciyarsa daki-daki, amma juyawar Kebok ta fi dogara ga abin da misalin ke bukata bisa ga abin da halinta ya haifar. Malamin da zai karantar da irin wannan littafi ya kyautu ya ɗora wa ɗalibansa tambayar nan, kada ya amsa musu ita.

Littafin bai tsira daga hukuma ba don ya ɓoye sunaye. Bayan an fassara shi da Turkanci, aka gurfanar da Uzun gaban kotun tsaron ƙasa a Santambul cikin 2001, amma aka sallame shi. Ya rasu a Diyarbakir cikin watan Oktoba na 2007, jama'a mai yawa suka raka gawarsa.

A ƙarshe, idan aka tambayi abin da ya tsira, to ba Baz ba ne, ba kuma Kebok ba, kamar yadda Mem da Zin ba su tsira ba. Abin da ya tsira shi ne harshen da aka ba da labarinsu da shi. An ƙwace wa Baz Kurdanci yana yaro, amma da Kurdanci aka rubuta tarihinsa, shekara bakwai kacal bayan soke dokar da ta hana buga shi. Wannan shi ne rabon da ya saura bayan rai ya tafi, shi ne kuwa irin rabon da Malam Ahmad Hani ya nema wa mutanensa shekara ɗari uku kafin nan.