Rago Ba Ya Faɗin Inda Yake Masa Ciwo

Mutum idan fitsari ya ƙi fita, da bakinsa zai faɗa. Zai dafe mara ya ce wa likita rabonsa da bawali tun jiya da la'asar, a zura masa roba, ya sami sa'ida. Rago ba shi da wannan gata. Sai dai a gan shi ya tsaya ya miƙe baya, ya ware ƙafafu yana yunƙuri, bindi na kaɗawa, yana cizon haƙora, jifa-jifa ya kai wa cikinsa shuri. Mai shi ya duba ya ce kashi ne ya ƙi fita, a ɗura masa ruwan kanwa ko man gyaɗa. Gwanintar likitan dabbobi daga nan take farawa, tun bai taɓa almakashi ba: ya gane wace hanya ce ta toshe a jikin majinyacin da ba zai ba shi labari ba.

An fi ganin wannan larura a jikin ragunan da aka turke ana shirin Babbar Sallah. Dalilin yana cikin akushin da ake ajiye musu. Dusa da hatsi suna da sinadarin fosfaros da yawa, kalsiyam kuma kaɗan, alhali jikin rago yana son kalsiyam ya ninka fosfaros sau biyu. Dabbar da take cin ciyawa da harawa tana yini tana tuƙa, yawu yana zuba, kuma ta cikin yawun nan ne rarar fosfaros take komawa ciki ta fita tare da kashi. Idan aka cika ta da dusa aka rage harawa, tuƙa ta ragu, yawu ya ragu, sai aikin ya koma kan ƙoda. A haɗa da ƙarancin ruwan sha, sai yashi ya fara taruwa a mafitsara, daga yashi ya zama tsakuwa. Tunkiya takan tsira domin hanyar fitsarinta gajera ce mai faɗi. Ta rago doguwa ce siririya, ta yi lanƙwasa biyu a tsakanin cinyoyi, sannan a can ƙarshen gabansa ta ƙare da wani ɗan siririn tsiro mai kama da tana. A wurare biyun nan tsakuwa take maƙalewa. Taure da duk dabbar da aka dandaƙe tun tana ƙarama sun fi shiga haɗari, saboda hanyar ba ta gama buɗewa ba.

Abin da ya fi burge ni a wajen ƙwararren likita shi ne ba ya farawa da magani. Tambaya yake fara yi. "Hajiya, me yake ci? Yaushe kuka ga ƙasan turkensa a jiƙe?" Sai ya durƙusa ya shafa gashin da ke bakin kuben ragon. Na mai lafiya da danshi yake. Idan ya ji shi a bushe, ga ɗan farin yashi ya manne yana ƙaras-ƙaras a tsakanin yatsu, ya sami rabin amsa. Ya sa safar hannu ya zura yatsa ɗaya ta dubura, ya ji hanyar fitsarin tana harbawa a ƙarƙashin yatsansa, alamar jiki yana ta turo abin da ba shi da mafita. Ya dafa mara da hannu biyu a hankali, domin mafitsarar da ta cika ta yi tam matsa kaɗan yana iya fasa ta.

Daga nan sai a zaunar da ragon a kan ɗuwawunsa, bayansa jingine da ƙafafun mai riƙo. A yi masa allurar kwantar da jiki, kuma ko a nan akwai lura, don wasu alluran suna ƙara yawan fitsari, abin da ba a so ke nan. Likita ya tura lanƙwasar nan daga baya da hannu ɗaya, ɗaya hannun yana janye kube, har kan gaban ya leƙo ya kama shi da ƙyallen bandeji. Faɗa ne da sauƙi. Wanda bai saba ba zai yi ta gumi bai fito da shi ba. Sai ya murza ɗan tsiron nan da yatsa, sau da yawa ya ji tsakuwar a ciki, ƙwaya ɗaya ko jeri. Ya sa almakashi ya datse shi daga tushe. Idan an yi dace, fitsari ya ɓalle nan take, ja-ja, mai zarni, ragon ya saki jiki.

Likitan kirki ba ya barin murnar nan ta rufe wa mai dabba ido. Zai ce, "Alhaji, mun buɗe ƙofa, amma akwai saura a ciki." Gaskiya ce, tsakuwa ba ta cika zuwa ita kaɗai ba, kuma da yawa sukan sake toshewa cikin kwana ɗaya ko biyu. Robar da ke ceton mutum kuwa ba ta kaiwa ga mafitsarar rago ta hanyar da aka saba, domin akwai wani ɗan aljihu a kan hanya, kusa da ƙashin ƙugu, inda bakinta yake shigewa ya tsaya. Saboda haka a asibitocin koyarwa na dabbobi, irin na jami'o'in Zariya da Sakkwato da Maiduguri, akan iya buɗe mara, a wanke mafitsara, a dasa roba ta fito ta fatar ciki, fitsari ya riƙa bi ta nan har kumburi ya saɓe, hanyar asali ta buɗe. Robar ita ce dai wadda likitan Amurka Frederic Foley ya fito da ita a shekarun 1930, mai ɗan balan-balan a baki da ake cikawa da ruwa don kada ta zame, wadda ake sa wa dattijon da kumburin furostet ya hana shi bawali.

Akwai wani sauƙi na yaudara da likita ya sani, mai dabba bai sani ba. Bayan kwana ɗaya zuwa biyu, ragon da yake ta nishi sai ya yi shiru, har a ce ya sami lafiya. Mafitsara ce ta fashe. Fitsari ya malale cikin ciki, ko kuma hanyar ta yage ya taru a ƙarƙashin fata, mara ta kumbura. Dattin da ya kamata ƙoda ta fitar ya koma jini, naman ma ya ɗauki warin fitsari, ba ya ciyuwa. Sanin lokacin da za a ce a yi tiyata, da lokacin da za a ce a kira mahauci tun nama yana da amfani, shi ma ilimi ne, kuma faɗarsa ga wanda ya zuba jarinsa a dabba ɗaya yana bukatar tausayi. Masu kiwon kyanwa a gida su ma su sani: muzuru yana gamuwa da irin wannan toshewa, kuma shi cikin kwana biyu zuwa uku sinadarin fotasiyam yana iya taruwa a jini ya tsayar da zuciya.

Toshewa ta biyu kuwa ta tumbi ce, ba ta gaggawa, a hankali take ci. Akuya da tunkiya da saniyar da ake saki suna kiwo a bola, musamman da rani, suna haɗiye leda saboda ɗanɗanon gishiri da mai da ya rage a jikinta. Leda ba ta narkewa. Tana taruwa a tumbi, ta sarƙe da igiya da tsumma da zaren buhu, ta dunƙule ta yi tauri. Dabba tana ramewa, ƙashin baya ya fito, amma ciki ya yi tulu, har a zaci juna biyu gare ta. Mahauta a kwata sun daɗe da sanin wannan. Likita yakan dunƙule hannu ya danna kwiɓin hagu, inda tumbi yake. Na lafiya yana da laushi, kuma yana motsi sau ɗaya ko biyu a minti guda. Mai leda yana da tauri, motsinsa ya yi rauni ko ya tsaya.

Saniya a tsaye ake yi mata aikin cire ledar, idonta biyu, an kashe zafin kwiɓin da allura. A yanka fata da tsoka, a jawo bangon tumbi a ɗinke shi da fata kewaye da yankan kafin a buɗe shi, don kada ko ɗigon abin da ke ciki ya zuba a kogon ciki ya jawo ruɓa. Sannan likita ya zura hannu har kafaɗa, yana warware dunƙulen yana zaro shi guntu-guntu, domin ba zai fita a dunƙule ba. Ya laluba ɗan ɗakin da ke gaban tumbin ko da ƙusa ko waya a ciki. Ɗinkin rufewa hawa biyu ne, kuma ana juya bakin yankan ya kalli ciki, fatar waje ta haɗu da ta waje, dabarar da likitan Faransa Antoine Lembert ya bayyana a 1826, wadda har yau masu tiyatar hanjin mutane suke koyo.

Aikin bai ƙare da ɗinki ba. Tumbin da aka kwashe ya rasa ƙananan halittun da suke narkar da ciyawa, kuma in babu su dabba ba za ta koma cin abinci da wuri ba. Shi ya sa za ka ji likita ya aiki yaro kwata da sassafe, ya karɓo abin cikin tumbin lafiyayyar dabbar da aka yanka yanzu, a tace shi da ɗuminsa a ɗura wa majinyaciyar. Washegari da jibi kuma ya dawo ya ɗora kunne ko abin saurare a kwiɓin hagu, ya ƙirga motsin tumbi, ya tambayi mai ita ko ta fara tuƙa.