Masu Sauraron Tsuntsaye a Cornell

A dajin Sapsucker Woods na Jami'ar Cornell da ke Amurka, wadda Arthur Allen ya kafa mata cibiyar nazarin tsuntsaye a 1915, 'yan sa-kai sukan jagoranci ayarin masu kallon tsuntsaye da safiyar ƙarshen mako. Gwanintarsu ta fi bayyana a lokacin zafi, domin ganye kan yi duhu ya ɓoye tsuntsu, sai jagora ya tsayar da ayari ya koya wa sabon shiga gane kowane iri daga kukansa, aikin da ke bukatar haƙuri fiye da tabarau mai jawo nesa kusa. Abin da aka gani kuwa akan shigar da shi eBird, wato rumbun bayanan da cibiyar ta buɗe a 2002.